Tsohuwar da Ta San Sunan Kifaye

Barewa ce ta fara tarbata a Nara,
ba mutum ba.
Ta sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa,
na ce, ikon Allah, har dabbarsu da ladabi!
Ban rufe baki ba ta fizge taswirata,
ta tauna rabin garin ina tsaye ina kallo.

An ce matambayi ba ya ɓata.
To, wa zan tambaya, da wane harshe?
Sai na bi sawun wani saurayi
yana riƙe da hannun kakarsa,
tafiyarsu sannu-sannu,
kamar masu ɗauke da ƙwai a faifai.

A ƙofar haikali kowa ya tuɓe takalmi.
Safata ta huje, babban yatsa ya leƙo.
Tsohuwar ta gani, ta rufe baki tana dariya,
daga nan muka zama 'yan tafiya ɗaya.
Shi Hayato, ita Tsuneko,
wayarsa ce tafintanmu,
tana faɗin rabi, tana cinye rabi.

Turaren wuta, sanyin katako a tafin ƙafa,
ƙararrawa mai kaurin murya
wadda ke shiga ta ƙirji kafin kunne.
Su suka rusuna, ni na tsaya gefe,
ba wanda ya harare ni.
Wani dattijo yana sharar ganye a tsakar gida,
iska tana maido masa, bai yi tsaki ba.

Can gaba, bayan jar ƙofa marar ƙyaure,
ruwa na zuba cikin kwamin dutse.
Suka ɗiba da ludayin gora, hagu, sannan dama.
Hannuna ya tuna alwala,
na duba rana, azahar ta yi,
na shimfiɗa rigar sanyina ƙarƙashin wata bishiya.
Suka jira ni. Ita ce ta kore mini barewa.

Ƙananan alluna rataye, sun fi dubu,
kowanne da buƙatar mai shi.
Hayato ya rubuta nasa, ya ɗaura.
Ban tambaya ba, shi ya miƙo wayar:
"Ta tuna sunana, ko sau ɗaya."
Shekara biyu ke nan tana kiransa ɗan maƙwabta.

Da la'asar jirgin ƙasa ya kai mu Osaka,
gidan kifaye, inda aka ɗaure teku da gilashi.
Duhu shuɗi. Yara sun manna hanci.
Wani ƙato ya gifta bisa kanmu,
jikinsa ɗigo-ɗigo kamar zabo,
inuwarsa kaɗai ta isa rumfa.
Wasu halittu kamar laima,
ba ƙashi, ba ido, suna numfashi da dukan jikinsu.

Sai tsohuwa ta saki hannun jikanta.

Ta miƙe, ƙusumbinta ya ragu,
ta ɗora yatsa a gilashi tana kira,
wannan, da wancan, da mai ɓuya a rairayi,
suna bayan suna, ba gargada,
har wayar ta gaji ta yi shiru.
Ashe shekara arba'in ta yi tana nutso a teku,
ba tulun iska, numfashi ɗaya tak,
ta fito da abin da ta ciyar da 'ya'ya biyar.
Na ga ta ja iska ta riƙe.
Na ƙirga a zuci. Ni na fara sakin nawa.

Hayato na bayanta, yana jiran layi ya zo kansa.
Bai zo ba.

A bakin ƙofa ta kama hannunsa da kanta,
ta ce, yaron nan na da kirki, ɗan waye?
Ya ce, naki ne.
Ta ce, to, mu je gida, ruwa ya fara sanyi.

Ni kuwa ta nuna ƙafata,
ta yi alamar allura da zare.